Jan Fasfo a Ƙofar Inna

Ranar da ƙanwata ta karɓi fasfon Fotugal, mu ta fara nuna wa, tun kafin ta isa gida ta nuna wa mijinta. Ta kira mu a bidiyo tana tsaye a bakin wani titi a Lisbon, iska na ɗaga mata mayafi, tana juya ɗan jan littafin gaba da baya. Ni ina shagona na ɗinkin abaya a unguwar Mansur ta nan Makka, kaina ya ɗau zafi da wata mai son a rage mata hannun riga a karo na ban san nawa ba. Inna kuma tana zaune a kujerarta ta kullum kusa da ƙofa, inda take tanka wa duk wanda ya wuce. Na miƙa mata wayar, ta kawo ta dab da hancinta, don idon ya fara gajiya.

"Mene ne wannan kike ta fifita da shi, Auta?"

"Fasfo ne, Inna! Sun ba ni, na zama 'yar ƙasa."

Daga nan ta shiga jero mana ƙasashe. Faransa da Sifen da Jamus ko fasfon ma ba sai ta ɗauka ba, katin shaida ya isa. Birazil ba biza. Maroko ba biza. Malesiya, Jafan, duk jaka kawai za ta rataya ta wuce.

Na ce, "Me za ki je yi Jafan, ke da ko Ɗa'if za mu sai kin yi mana amai a mota?"

Ta yi dariya, ni ma na yi. Inna ba ta yi ba. Ta bari sai da muka gama sannan ta ce, "Makka fa?"

Auta ta sauke fasfon. Ta ce Makka ana bukatar biza, amma mai sauƙi ce, a waya ake cikewa, ba layi, ba ajan, sai ta fito kawai.

"Ban tambaye ki sauƙinta ba," in ji Inna. "Jafanawa ba su san ki ba, sun ce ki shigo. Ɗakin da na haife ki ne sai an ba ki izini?"

Ta miƙo mini wayar ba tare da ta yi sallama ba, ta koma kallon titi.

Wanda bai san Inna ba zai ce rigimar tsufa ce. Ni na san ba ita ba ce. A goye aka kawo ta garin nan, daga wani ƙauye a Nijar, ta Chadi, ta Sudan, a kan hanyar ma ta koyi tafiya. Ta girma a unguwar Misfala, a nan ta yi aure, a nan ta haife mu, mu biyu mata. Fasfonmu na Nijar ne, ƙasar da ni ban taɓa takawa ba, muna zaune da iƙama, takardar zama da ake sabuntawa. Amma ka je ka ce wa Inna ita ba 'yar Makka ba ce, ka ga abin da zai same ka.

A gidanmu na Misfala alhazai ke sauka, mutanen Nijar da Najeriya da wasu can gaba. Tun muna yara muka san mutanen duniya kashi biyu ne a wurin Inna, akwai baƙi, akwai 'yan gida. Baƙo shi ake ba ɗakin gaba da finjalan gahawa masu bakin zinare. Ɗan gida ya sha shayinsa a kofin da ya samu, ya ci a faranti ɗaya da kowa, a kuma aike shi. Duk baƙon da ya ɗaure kaya zai koma ƙasarsa, Inna takan tsare shi a bakin ƙofa ta ce, "Ka yi ɗawafin ban kwana?" In ya ce a'a, sai ta ajiye masa jaka ta kora shi Masallacin Harami. Mu kuwa ba mu taɓa yin sa ba. Da wa za mu yi ban kwana, alhali daga kan rufinmu muna hango hasumiyoyin?

Mijin Auta ɗan Gini Bisau ne, Bafulatani, mazaunin Lisbon. Ya rako mahaifiyarsa aikin hajji suka sauka wurinmu, ya ga ƙanwata tana kai wa tsohuwar fura, shi ke nan kwana ya ƙare masa. Ita ma ta so shi, wannan kam ba a ɓoye yake ba, don har gishiri ta riƙa zubawa a shayi. Da ranar tafiyarta ta zo, babanmu, Allah ya jiƙansa, ya ce ya kamata ta je ta yi ɗawafin ban kwana, tun da barin gari za ta yi. Inna ta ce atafau. Ta ce 'yarta ba baƙuwa ba ce, zuwa za ta yi ta dawo, kuma ba wanda ya isa ya sa ta yi sallama da gidan ubanta. Baba ya san matarsa, ya ƙyale ta. Daga ƙofar gida mota ta ɗauke ta sai Jidda.

Zuwa a dawo ɗin nan ya ɗauki shekara goma sha wani abu. Da ta fita aka soke iƙamarta, ta zama kamar kowace 'yar Nijar mai neman bizar umara. Can ma takardunta ba su zauna da wuri ba, in ta fita ba ta da tabbacin komawa wurin 'ya'yanta. Haihuwa ta zo, wata haihuwar ta biyo, Baba ya rasu ta yi kukanta a waya. Da abubuwa suka fara daidaita sai annobar nan ta rufe duniya. A tsakanin nan unguwarmu ta Misfala ta koma manyan otal-otal, muka tattara muka koma wani bene a unguwar Shisha. Inna ta kwaso kofin shayin Auta, mai ɗan tsagewa a baki, ta kife shi a cikin na 'yan gida. Duk wanda ya tambaye ta ina ƙaramar 'yarta, sai ta ce, "Ta ɗan fita."

To, ga jan fasfo ya samu, sai shirin tafiya. Ni na zama malamar hanya, ni da ban taɓa hawa jirgi ba. Duk abin da na ji a bakin masu kawo ɗinki sai na juye mata. Ki duba fasfon ya kasance da sauran wata shida a kansa. Ai sabo ne, Yaya. Ki dai duba. Kada ki sayi tikiti dab da hajji, irin bizarku ba a shiga Makka da ita a lokacin. Ki buga bizar a takarda, kada ki dogara da waya, in caji ya ƙare kin shiga uku. Maganin hawan jininki ki bar shi a kwalinsa. Kada ki sa kwalbar komai mai ruwa a jakar hannu, ƙwacewa za su yi. Ki sa safa, sanyin jirgi daga ƙafa yake kama mutum.

"Yaya, ni fa na taɓa hawa jirgi, ke ce ba ki taɓa ba."

"Shi ya sa nake da hankalina har yanzu. Ki sa safa."

Abu ɗaya ne ban ce komai a kai ba, don ban ma kawo shi a raina ba. Mu 'yan gari in za mu yi umara, mota muke shiga mu je Tan'im, nan bakin gari, mu yi niyya mu dawo. Mai zuwa daga waje kuwa tun a hanya yake ɗaukar ihrami, a jirgi ma sanarwa ake yi in an zo saitin miƙati, iyakar da ake ɗaura niyya. Inna ta riga ta tsara komai a ranta. Auta za ta iso gida, ta tuɓe takalmi, ta ci tuwo, ta huta gajiya, in ta warware mu je Tan'im tare kamar yadda muka saba. Ni ma haka na ɗauka. Mu duka biyu mun manta cewa mai gida da 'ya'ya a Lisbon daga waje take zuwa.

Inna ta yi mako tana haɗa humra. Ita ba ta sayen na kanti. Ta sa na kai ta wurin wata tsohuwar ƙawarta 'yar Chadi a Mansur, suka zauna suna shinshina ƙullin wannan da na wancan, suna zagin turaren zamani. Ta dawo ta daka, ta jiƙa, ta tace, ta cika wata 'yar kwalba mai murfin gilashi. A gidanmu haka ake tarbar ɗan gida in ya dawo daga tafiya. Baƙo gahawa da dabino ake ba shi. Ɗan gida Inna ke tarar sa a ƙofa da kaskon turaren wuta, ta shafa masa humra da hannunta a wuya da bayan kunne, ta ce ƙamshin hanya ya fita, na gida ya shiga.

Da safe jirgin ya sauka, ni na tuƙa mota na je Jidda. Na tsaya ina ta leƙen fuskoki, raina na ɓaci da wani mai tura kaya da ya taka ni, sai ga wata mata mai ƙiba a baƙar abaya ta tsaya a gabana tana kallona. Wallahi sai da ta ce "Yaya" na gane ta. Fuskar Baba ce sak ta fito mata. Muka rungume juna muka yi kuka a tsakiyar mutane, ko kunya ba mu ji ba. A mota ta ce jami'in da ya buga mata hatimi ya ga an rubuta Makka a wurin haihuwa, ya ɗago ya yi mata maraba da harshen gari, ta amsa masa da irin nasa, har ya yi dariya. Muna ta surutu, ta ce kaza na ce kaza, bakinta na ɗan motsi a tsakanin magana. Na ɗauka addu'ar hanya take yi.

Tun daga matakala muka ji turaren wuta. Inna ta buɗe ƙofa tun kafin mu ƙwanƙwasa. Ta ci ado da zanenta na salla, kasko a ƙasa gefen ƙafarta yana hayaƙi, kwalbar a hannun hagu. Ta riga ta tsiyaya humrar a tafin damanta, har tana bin yatsunta. Ta miƙo hannun tana cewa, "Zo nan, zo nan, 'yar nema."

Auta ta yi taku ɗaya gaba, sannan ta ja da baya har ta bugi bango.

"Inna, ina cikin ihrami. Tun a jirgi na yi niyya. Ba halin in taɓa turare."

Hannun Inna ya tsaya a sama. Ita da ta yi rayuwarta tana gargaɗin alhazai kada su kusanci ko sabulu mai ƙamshi, ba ta bukatar a yi mata bayani. Humrar ta gangaro mata zuwa gwiwar hannu, ta ɗiga a kan tabarmar ƙofa. Ban taɓa jin tausayin mutum biyu a lokaci ɗaya kamar na ranar ba, kuma haushi ya kama ni, na rasa wa zan ji wa.

"Wa ya ce ki yi?" Inna ta tambaya a hankali.

"Na tambayi limaminmu can. Ya ce tun da a can nake zaune..."

"A can kike zaune." Inna ta maimaita. Ta sauke hannun. Ta juyo wurina ta ce, "Ɗauke kaskon nan, kai shi baranda. Buɗe tagogi. Kada hayaƙi ya ɓata wa baiwar Allah ibada."

Ta shiga ta wanke hannunta da sabulun wanki, ta wanke, ta sake wankewa, ta canja zane. Sai da ta tabbata ba sauran ƙamshi sannan ta fito ta rungume 'yarta. Ta daɗe ba ta sake ta ba. Amma ba ta yi kuka ba, kuma da aka kawo shayi ba ta ce a ba Auta kofinta ba, ba ta ce a ba ta finjalin baƙi ba. Ni na rasa yadda zan yi, na zuba mata a kofin gilashin da ba na kowa ba.

Bayan azahar na raka ta Harami. Ta yi ɗawafinta, ta yi Safa da Marwa, tana tafe tana share hawaye. A ƙarshen Marwa wata mata ta miƙo mata ɗan almakashi don ta rage gashi ta fita daga ihrami. Auta ta yi godiya ta ƙi karɓa. Ta ce mini, "Mu je gida, Yaya."

Mun tarar da Inna a zaune inda muka bar ta. Auta ta durƙusa a gabanta, ta zame ɗankwali, ta kwance kitso, ta ɗora kanta a cinyarta. Ta ce, "Ban bari kowa ya taɓa ba." Inna ta ce in kawo almakashina na ɗinki. Ta tattara jelar gashin, ta auna da gaɓar yatsanta, ta datse. Ta tsaya tana murza gashin a hannu, ta ce, "Furfura, Auta? Yaushe?" A nan ne kukan ya zo mata. Tana kuka tana laluben kwalbar, ta shafe ta da humra a wuya, bayan kunne, hannuwa, har tafin ƙafa, sai da ɗakin ya ɗauka har muna tari. Sannan ta daka mini tsawa, wai ina tsaye kamar an dasa ni, ba zan kawo wa yarinya kofinta ba?

Kwanakin da suka biyo sun yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Mun ci masa da miyar taushe, mun ci tsiren Mansur har cikinta ya ɓaci na yi mata dariya. Ta nemi in kai ta Misfala, na kai ta, ta tsaya a gaban wani otal tana ta juyi tana neman inda ƙofarmu take, ni ma kaina ban iya nuna mata daidai ba. Maƙwabta suna shigowa gaisuwa suna cewa ina baƙuwarmu ta Turai, Inna tana amsawa, "Ba mu yi baƙuwa ba, sai dai in ke ce." Ta riƙa aiken Auta ɗauko wannan, wanke wancan, da gangan, Auta kuma tana rawar jiki tana yi.

Amma hutun da aka ba ta a wurin aiki yana ƙarewa, yara suna kira kullum. Wata rana da hantsi Inna ta ce mini, ba a gabanta ba, "In ta zauna fa? Wa zai sani?" Na ce kowa ma zai sani, bizar tana da iyaka, in ta wuce ta sai dawowar ta gagara. Na ce amma shekara guda take aiki, ana shiga a fita, in Allah ya hore za ta sake zuwa ba tare da ta nemi wata ba. Inna ta ce, "In Allah ya hore," ta kalli hannayenta.

Ana gobe tafiya Auta ta same ni a kicin. Ta ce tana so ta yi ɗawafin ban kwana, amma tana tsoron faɗa. Ta ce tun tafiyarta ta farko abin yake ci mata rai. Na ce ni ba ruwana, ba zan shiga tsakaninta da tsohuwar nan ba, ina son kaina. Muka bar shi a haka, ba wadda ta faɗa.

Da gari ya waye muka sa kaya a mota. Auta ta zo yin sallama, sai ta ga Inna da mayafi da takalmi, a tsaye a bakin ƙofa, ta tare hanya.

"Kin yi ɗawafin ban kwana?"

Da irin muryar da take tambayar alhazai ta yi tambayar. Auta ta kalle ni, na kalli silin.

"Ban yi ba, Inna."

"To ajiye jakar hannun nan. Ke kuma ɗauko mini arabiyya." Keken da muke tura ta a kai ke nan in tafiya da nisa.

Muka ɗauki hanya har muka kusa Harami. Inna ta ce, tana kallon waje, "Kun san abin da suke roƙo a ɗawafin nan? Ni na koya wa da yawansu. Cewa suke, Allah kada ka sa wannan ya zama zuwana na ƙarshe. Duk wanda na kora ya je ya faɗa, sai in gan shi ya dawo, ko ɗansa ya zo ya ce mini babansa na gaishe ni. Mutum ɗaya na hana ta roƙa." Ta gyara mayafi. "Ga shi nan ta dawo mini da furfura."

A benen sama muka yi, inda ake tura masu keke. Auta ce ta tura ta, ni ina biye da takalma a leda. Rana ta fara zafi, mutane na ta kewayawa a ƙasa. Ina jin Inna tana faɗin addu'ar da ƙarfi, kalma kalma, Auta tana maimaitawa a bayanta, yadda Inna ta saba yi wa tsofaffin da ba su iya Larabci ba. Can na lura Auta ta kasa ci gaba, kuka ya ci ƙarfinta. Inna ba ta tsaya jiranta ba, ta ci gaba da faɗi ita kaɗai. Kada ka sa wannan ya zama na ƙarshe.

Da muka fito Auta ta ce mu fara mayar da Inna Shisha, ta ga ta shiga ɗaki, sannan mu wuce Jidda. Inna ta ce a'a. Wanda ya yi ban kwana ba ya komawa gida ya zauna, ita ba ta taɓa barin wani baƙo ya yi haka ba, ba kuma za ta fara a kan wannan ba. Ta faɗi kalmar baƙo da bakinta, ba ta yi gargada ba. Ta ce ita za ta raka mu Jidda, ai motar ba ta cika ba.

A filin jirgi Auta ta ga kwalbar humrar ta leƙo daga jakar Inna, ta miƙa hannu. Inna ta buge hannun.

"Wannan ba tsaraba ba ce. Dabino da zamzam ne tsaraba, kin samu. Wannan a gida take zama."

Yanzu Auta ta sake sayen tikiti, wannan karon da babbar 'yarta za ta zo, kuma na riga na fara yi musu wa'azin safa. Kwanan baya na shigo daga shago na ga Inna ta gyara ɗan teburin bakin ƙofa. Ta kawar da kaskon. Kwalbar tana can baya jikin bango, a gabanta kuma ga almakashina na ɗinki, wanda na yi kwanaki ina nema ina zargin yaran maƙwabta.

Na buɗe baki zan yi masifa, ta ce in zo in durƙusa. Ta ce, "In ta zo ba na nan, ke za ki yanke mata. Kada ki bari wata a Marwa ta taɓa mata kai. Sai kin yanke sannan ki shafa, kada ki yi irin nawa."

Na ce, "Haba Inna, wace irin magana ce wannan? Ina za ki?"

"Ban tambaye ki ba. Cire ɗankwalin."

Na cire. Ta kamo jelar gashina, ta ɗora yatsanta a kai, ta nuna mini iyakar inda zan tsaya.